Yadda ɗan tireda da tsohon bawa suka gina makarantu kusan 5,000 a Amurka

Idan mutum ya bi ƙananan hanyoyin karkara a kudancin Amurka, a jihohi irin su Alabama da Jojiya da Karolina ta Arewa, wani lokaci yakan ci karo da tsohon gini na katako mai dogayen tagogi a jere, da fili a gabansa. Waɗansu daga cikin gine-ginen an gyara su an mai da su gidajen tarihi, waɗansu manoma na ajiye ciyawa a ciki, da yawa kuma sun rushe. Sunansu makarantun Rosenwald. Tsakanin shekarar 1912 zuwa 1932 an gina kusan guda 5,000 a jihohi 15, kuma a cikinsu ne jikokin bayi sama da dubu 600 suka samu wurin zama su koyi karatu da rubutu.

Ƙannena 'yan sakandare, na zaɓi in kawo muku labarin waɗannan makarantu a wannan mako saboda ya haɗa abubuwa uku da muke yawan jin ana maganarsu a rarrabe: ilimi, 'yancin zaɓe, da wurin da yaro zai yi guje-guje ya motsa jikinsa. Kuma labarin yana amsa wata tambaya da ta shafe mu kai tsaye: idan mai kuɗi yana son ya taimaki al'umma, ta wace hanya taimakon zai daɗe bayan ransa?

Halin da ake ciki kafin makarantun

An haramta bauta a Amurka a 1865, bayan yaƙin basasa. A 1870 aka gyara tsarin mulkin ƙasar aka ce ba za a hana ɗan ƙasa jefa ƙuri'a saboda launin fatarsa ba. A takarda komai ya yi daidai. Amma ba a daɗe ba sai jihohin kudu suka fito da dokokin wariya da ake kira Jim Crow, waɗanda suka raba farar fata da baƙar fata a makaranta, da jirgin ƙasa, da asibiti, har da famfon shan ruwa. A 1896 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da wannan rabuwa, bisa hujjar cewa babu laifi a raba mutane muddin an ba kowa abu iri ɗaya.

Ba a taɓa ba da abu iri ɗaya ba. Kuɗin harajin da ake warewa ilimi mafi yawansa makarantun fararen fata yake tafiya. Yaran baƙaƙe a karkara kuwa suna karatu ne a tsofaffin majami'u ko bukkokin da rufinsu ke yoyo, babu benci, babu allo mai kyau. A wurare da dama watanni uku ko huɗu kawai ake buɗe makaranta a shekara, domin sauran lokacin masu gonaki na bukatar yaran su tsinki auduga.

A nan ne maganar ilimi ta haɗu da maganar zaɓe. Tunda tsarin mulki ya hana a ce wa mutum kai baƙi ne ba za ka yi zaɓe ba, sai jihohin suka ɓullo ta bayan gida. Suka sa harajin zaɓe da talaka ba zai iya biya ba, suka kuma sa jarrabawar karatu: kafin a yi maka rajista sai ka karanta wani sashe na tsarin mulkin jiha, ka kuma yi bayaninsa yadda zai gamsar da magatakarda, wanda farar fata ne. Ka hana yaro makaranta yau, gobe ka hana shi ƙuri'a don bai iya karatu ba. A jihar Luwiziyana kaɗai, baƙaƙen da ke da rajistar zaɓe sun haura dubu 130 a 1896. Zuwa 1904 saura 1,342.

Mutum biyu da ba su yi kama ba

Booker T. Washington an haife shi a cikin bauta a jihar Bajiniya a 1856. Yana yaro ya yi aiki a wurin dafa gishiri da mahaƙar gawayi, ya yi ta fafutuka har ya samu karatu. A 1881 ya zama shugaban farko na makarantar Tuskegee a Alabama, inda ɗalibai da kansu suka riƙa buga tubali suna gina azuzuwansu. Ya rubuta tarihin rayuwarsa a wani littafi mai suna Up From Slavery da ya fito a 1901.

Julius Rosenwald kuwa an haife shi a 1862 a garin Springfield na jihar Illinois, kusa da gidan Abraham Lincoln. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Jamus, kuma mahaifinsa da talla ya fara. Julius bai ƙarasa sakandare ba; yana ɗan shekara 16 ya tafi birnin New York koyon sana'ar sayar da tufafi wajen kawunnansa. A 1895 ya sayi hannun jari a kamfanin Sears, Roebuck, wanda ke aika wa mutane wani ƙaton littafi mai hotunan kaya da farashinsu. Manomi yana ƙauyensa zai zaɓi keken ɗinki ko takalmi ko garma, ya aika kuɗi ta gidan waya, a kawo masa ta jirgin ƙasa. Kusan abin da ake yi yau ta intanet ke nan. A 1908 Rosenwald ya zama shugaban kamfanin, ya kuma shiga jerin manyan attajiran ƙasar.

Abu biyu suka ja hankalinsa zuwa ga baƙaƙen fata. Na farko, littafin Washington da ya karanta. Na biyu, irin kisan gillar da ake yi wa Yahudawa a Rasha a wancan zamani, wanda ya sa ya san ɗacin a tsangwami mutum saboda asalinsa. Addininsa ma ya hore shi da abin da suke kira tzedaka a Ibrananci, kalmar da tushenta ɗaya da sadaka da muka aro daga Larabci. Su biyun sun haɗu a Shikago a 1911, daga baya Rosenwald ya ziyarci Tuskegee ya shiga kwamitin amintattun makarantar.

A 1912, lokacin da ya cika shekara 50, ya raba kyautar kuɗi ga cibiyoyi daban-daban, ciki har da dala 25,000 da ya damƙa wa Washington. Da aka gama rabo sai dala 2,800 suka yi saura. Washington ya nemi izini a yi gwaji da su: a gina ƙananan makarantu shida a ƙauyukan da ke kusa da Tuskegee. Da aka gama ya aika wa Rosenwald hotunan yara tsaye a gaban sababbin azuzuwa. Daga wannan ragowar kuɗi aka fara. Washington ya rasu a 1915 bai ga girman abin da ya shuka ba, amma a 1917 aka kafa Asusun Rosenwald, aikin ya bazu daga Merilan har Teksas.

Ku kawo, in kawo

Babban abin da ya bambanta wannan shiri shi ne Rosenwald bai taɓa biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya ba, ko da yake yana da halin yin haka. Sharuɗɗa ya gindaya. Dole mutanen garin su tara nasu kason, ko kuɗi, ko fili, ko katako, ko ƙarfin jiki. Dole hukumar ilimi ta gunduma, wadda ke hannun fararen fata, ta zuba kuɗin haraji, ta karɓi makarantar a matsayin mallakar gwamnati, ta biya malamai albashi, ta kuma yarda a riƙa karatu aƙalla wata biyar a shekara. Sai an cika waɗannan sannan nasa kuɗin ke fitowa.

Ku dubi yadda lissafin ya kasance a ƙarshe. An kashe sama da dala miliyan 28 a kan gine-gine 5,357, wato makarantu, da gidajen malamai 217, da ɗakunan koyon sana'a 163. Asusun Rosenwald ya ba da kimanin dala miliyan 4.3. Baƙaƙen fata, waɗanda yawancinsu 'yan ƙodago ne da manoman haya, sun tara kimanin miliyan 4.7. Fararen fata masu taimakon kansu sun ba da kimanin miliyan 1.2. Sauran, kusan miliyan 18, daga baitulmalin gwamnati ya fito. Wato talakawan sun fi attajirin zuba kuɗi, kuma gwamnatin da a da ta yi watsi da su sai da ta biya kusan kashi biyu cikin uku.

Yadda suka tara kuɗin abin tausayi ne, abin alfahari kuma. Mata sun sayar da kaji da ƙwai, an riƙa soya kifi ana sayarwa a taron majami'a, manoma sun keɓe eka guda ta auduga suka ce amfaninta na makaranta ne. Masu sassaƙa sun sare itace, masu alfadarai sun yi jigila kyauta. A cikin rahotannin jami'an shirin akwai labarin wani dattijo a wani ƙauye na Alabama, wanda ya taɓa zama bawa, da ya zo taron tara kuɗi da wata tsohuwar jaka ya zazzage ta a kan tebur. Dala 38 ne a ciki, tsabobi, abin da ya tara tsawon rayuwarsa. Shi kansa ya wuce shiga aji. Jikokinsa yake hange.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, aikin gayya ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma makarantar da uwa ta sayar da kazarta aka gina, ba za ta zuba ido a cire mata ƙofa a tafi da ita ba.

Ginin da aka zana da lissafi

Masu zanen gini na Tuskegee ne suka fitar da tsarin farko, ciki har da Robert R. Taylor, baƙar fata na farko da ya kammala karatu a shahararriyar jami'ar fasaha ta MIT. A 1920 aka mayar da ofishin shirin zuwa birnin Nashville, aka fitar da littattafan zane da ake rabawa kyauta, daga makaranta mai malami ɗaya har mai malamai bakwai da sama.

Ƙauyukan ba su da wutar lantarki, don haka rana ce fitila. Aka tsara a jera dogayen tagogi a ɓangaren gabas ko yamma, a kuma jera bencina yadda haske zai shigo ta hagun ɗalibi, don kada inuwar hannunsa ta rufe abin da yake rubutawa. Har launin fentin bango sai da aka ƙayyade, mai haske, don ya mayar da hasken cikin aji. Aka ɗaga ginin daga ƙasa saboda iska da danshi. Aka wajabta bayan gida mai tsafta, domin a lokacin tsutsar ciki na damun yaran kudu ƙwarai. Bangon da ke tsakanin aji biyu kuma an yi shi ne irin wanda ake naɗewa, ta yadda da yamma makarantar za ta zama zauren taron gari.

Akwai kuma sharaɗin fili. Ba a ba da kuɗi sai makarantar tana da aƙalla eka biyu. Wani ɓangare na lambu ne, inda ɗalibai ke koyon noma, wani ɓangare kuma filin wasa. Ku lura da wannan: mutanen da ke ƙirga kowane sisi, waɗanda ke fama da rashin benci da littafi, duk da haka sun ɗauki filin guje-guje a matsayin wani sashe na makaranta. Yaron da ya saba daga gona sai gona, a nan ne ya fara samun wurin da zai yi gudu don nishaɗi kawai.

Wurin iyo da ƙwallon kwando

A gaskiya taimakon Rosenwald ga baƙaƙen fata ya fara ne da wasanni tun kafin makarantu. A biranen Amurka na wancan lokaci akwai Ƙungiyar Matasa Maza Kiristoci, wadda aka fi sani da YMCA, mai gine-gine da ke ɗauke da zauren motsa jiki, da wurin iyo, da ɗakunan kwana na baƙi, da azuzuwan dare. A wata makarantar wannan ƙungiya ce ma James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891. Amma galibin gine-ginen ba sa karɓar baƙaƙen fata.

A 1910 Rosenwald, wanda ba Kirista ba ne, ya yi alkawarin ba da dala 25,000 ga duk birnin da ya tara dala 75,000 don gina irin wannan cibiya ta baƙaƙen fata. Birane sama da 20 suka amsa. A Indiyanapolis, Madam C.J. Walker, 'yar kasuwar da ta yi arziki da man gyaran gashi bayan ta shafe shekaru tana wankau, ta ba da dala 1,000. A Shikago aka buɗe cibiyar titin Wabash a 1913, inda dubban yaran da iyayensu suka yi ƙaura daga kudu suka koyi iyo da ƙwallon kwando. A cikin wannan gini ne kuma masanin tarihi Carter G. Woodson da abokansa suka kafa ƙungiyar nazarin tarihin baƙaƙen fata a 1915.

Don ku gane cewa wurin wasa ba ƙaramin al'amari ba ne, ku ji abin da ya faru a Shikago ranar 27 ga Yulin 1919. Wani yaro ɗan shekara 17, Eugene Williams, yana iyo a tafkin Mishigan tare da abokansa, sai ruwa ya janye su zuwa ɓangaren da fararen fata suka ɗauka nasu ne. Wani mutum ya riƙa jifansu da duwatsu, yaron ya nutse ya mutu. 'Yan sanda suka ƙi kama mai jifan, rikici ya ɓarke, aka yi kwanaki ana tarzoma, mutum 38 suka rasa rayukansu. Rosenwald na cikin kwamitin da aka naɗa don binciken musabbabin rikicin. Tambayar wa ke da ikon shiga ruwa, wa ke da ikon shiga fili, ita ce dai tambayar wane ne cikakken ɗan ƙasa.

Daga aji zuwa akwatin zaɓe

Zuwa 1928, kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran baƙaƙen fata da ke makaranta a karkarar kudu a makarantun Rosenwald suke. A 2011 waɗansu masana tattalin arziki biyu, Daniel Aaronson da Bhashkar Mazumder, suka wallafa binciken da suka yi da bayanan ƙidayar jama'a da na ɗaukar soja. Sun gano cewa makarantun sun ƙara yawan zuwa makaranta da iya karatu da shekarun da yaro ke yi yana koyo, kuma su ne sanadin kaso mai tsoka na raguwar tazarar ilimi tsakanin baƙi da fari a karkarar kudu.

Amma sunayen waɗanda suka fito daga cikinsu sun fi alƙaluma bayani. Marubuciya Maya Angelou ta yi karatu a ɗaya daga cikinsu a jihar Akansas. Medgar Evers, wanda ya yi ta yawo yana yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe a Misisipi har aka harbe shi a ƙofar gidansa a 1963, shi ma ɗalibinsu ne. Haka John Lewis, ɗan manoman haya daga Alabama. Ranar 7 ga Maris 1965, yana ɗan shekara 25, ya jagoranci masu zanga-zangar lumana ta neman 'yancin zaɓe a garin Selma. A kan gadar Edmund Pettus 'yan sanda suka far musu da kulake, suka fasa masa ƙoƙon kai. Mutanen ƙasar suka ga abin a talabijin, hankali ya tashi, kuma ranar 6 ga Agustan wannan shekara Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe da ta dakatar da jarrabawar karatu a jihohin da ke amfani da ita don wariya. Daga baya Lewis ya shafe shekara 33 a Majalisar Wakilai, har rasuwarsa a 2020.

Asusun ya kuma ba ɗaruruwan masu hazaƙa tallafin karatu da bincike. A cikinsu akwai likita Charles Drew, wanda ya inganta hanyar adana jini don ƙarin jini, da Ralph Bunche, wanda ya zo Togo da Dahomey bincike, ya kuma samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1950. Akwai kuma mata da miji masana halayyar ɗan Adam, Mamie da Kenneth Clark. Su ne suka riƙa nuna wa ƙananan yara baƙaƙe 'yan tsana iri ɗaya sak, in ban da launi, suna tambayar su wacce ce kyakkyawa, wacce suke son wasa da ita. Yawancin yaran suka zaɓi farar. Lauya Thurgood Marshall da tawagarsa suka yi amfani da wannan bincike a kotu don nuna yadda wariya ke karya zuciyar yaro. Ranar 17 ga Mayun 1954 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka yanke hukunci baki ɗaya cewa raba makarantu bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki.

Sukar da aka yi

Ba kowa ne ya yaba ba, kuma masu sukar suna da hujja. Makarantun Rosenwald na baƙaƙe ne zalla, wato an gina su a cikin tsarin wariya, ba su ƙalubalance shi kai tsaye ba. Masani W.E.B. Du Bois ya daɗe yana sukar Washington cewa ya cika lallaɓa fararen kudu, yana fifita koyon noma da kafinta a kan neman 'yancin siyasa da ilimi mai zurfi. Masanin tarihi James D. Anderson kuma ya nuna cewa abin da aka yi wa baƙaƙen tamkar haraji biyu ne: sun biya harajin da aka gina makarantun fararen fata da shi, sannan suka sake sa hannu a aljihu don gina nasu.

Masu kare shirin sukan amsa da cewa yaron da yake ɗan shekara bakwai a 1920 ba zai iya jiran hukuncin 1954 ba, kuma yaran da aka koyar a waɗannan azuzuwa su ne suka girma suka rusa wariyar. Wannan muhawara ce da ta dace ƙungiyar muhawara ta makarantarku ta ɗauka: idan tsari gurɓatacce ne, a yi aiki a cikinsa a rage wa mutane wahala, ko a tsaya sai an canza shi?

Kuɗin da aka ƙarar da gangan

Me ya sa mutane da yawa, har a Amurka, ba su san sunan Rosenwald ba, alhali an san Ford da Rockefeller da Carnegie? Domin shi bai yarda da gidauniyar da za ta dawwama ba. A ganinsa kowane zamani ya kamata ya ɗauki nauyin matsalolinsa, kuma kuɗin da aka ɓoye don gobe bayin ma'aikatan ofis yake zama. Ya yi wasiyya a kashe dukan kuɗin asusun cikin shekara 25 bayan mutuwarsa. Ya rasu a 1932, asusun ya rufe a 1948. Ko babban gidan tarihin kimiyya da masana'antu da ya kafa a Shikago, ya ƙi yarda a sa masa sunansa.

Bayan an haɗe makarantu, aka yi watsi da yawancin gine-ginen. A 2002 wata ƙungiyar kare wuraren tarihi ta Amurka ta sa su cikin jerin wuraren da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Kimanin kashi ɗaya cikin goma ne suka rage a tsaye, kuma tsofaffin ɗalibai da jikokinsu ne ke tara kuɗi suna gyara su, kamar yadda kakanninsu suka tara aka gina.

Abin da ya shafe mu

Tsarin ku kawo in kawo yana nan a dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004. Gwamnatin Tarayya na ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarta ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta kawo daidai da shi. Shekara da shekaru ana samun jihohin da ba sa kawowa, kuɗin na zaune a asusu, yara na zaune a ƙasa. Bambancin shi ne a ƙauyukan Alabama iyaye ne suka tsaya a kan hukuma har ta sa hannu. Mu ma muna da kwamitocin kula da makarantu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da na tsofaffin ɗalibai, kuma muna da abin da su ba su da shi a lokacin: ƙuri'a. Da yawa daga cikinku za ku cika shekara 18 kafin babban zaɓe ya sake zagayowa, kuma tun 2018 doka ta ba ɗan shekara 25 damar tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai.

Batun fili ma namu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Binciken da ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan, kuma 'yan mata sun fi maza ƙaranci. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ya ambaci wasa a cikin haƙƙoƙin yaro. Duk da haka, a biranenmu nawa ne aka yanka filin makaranta aka jera shaguna? Makarantun kuɗi nawa ne ke cikin gidan haya mai ɗaki shida, inda ko wurin yin langa ko gaɗa babu?

Masu hali a ƙasar Hausa ba su rasa zuciyar bayarwa ba. Ana gina masallatai da Islamiyyu, ana haƙa rijiyoyi, ana rabon abinci da azumi, kuma muna da tsarin waƙafi tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne a riƙa haɗa kyautar da sharaɗi: al'umma ta sa nata, hukuma ta ɗauki nauyin malamai, a kuma rubuta a takarda cewa filin wasa ba na sayarwa ba ne.

Ku kuma ga aikin da za ku iya farawa da shi a wannan zango. Ku auna filin makarantarku da taku, ku tambayi dattawan unguwa iyakarsa ta asali. Ku lissafa azuzuwan da ba su da benci da tagogin da suka karye. Ku nemi izinin shugaban makaranta ku kai wannan lissafi taron iyaye da malamai, ku aika kwafi ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da kansilan mazaɓarku. Idan akwai mai hali da ke son taimakawa, ku gaya masa nawa ku da iyayenku za ku iya tarawa kafin ku faɗa masa nawa kuke nema. Ku rubuto mana abin da kuka gano, za mu buga a wannan shafi in Allah ya kai mu.